Kwalin Takalmin Malama Saudatu

Kullum da sassafe Malama Saudatu kan shiga motar Kurfi daga Dutsin-Ma, da wani kwalin takalmi a cinya. Direbobi sun yi ta cankar abin da ke ciki, wani ya ce awara ce, wani ya ce magani. Katuna ne kawai a ciki.

Tarihi take koyarwa a wata makarantar 'yan mata, kuma Allah ya yi ta da bin diddigi. Wata rana tana duba darussan da gidan tarihin kisan ƙare dangi na Kigali, a Ruwanda, ya tanadar wa malamai, sai ta ga hotunan yaran da aka kashe, an rubuta har abincin da kowanne ya fi so. Me ya kawo abinci cikin maganar mutuwa? Tambayar ta ƙi barin ta.

A lokacin, wata ɗalibarta Mairama, 'yar makiyaya daga Zobe, tana shirin barin makaranta. Tun da 'yan bindiga suka kashe mahaifin Nana Hadiza, 'yar ajinsu, a gona, aji ya daina zama kusa da Mairama, ana ce mata 'yar ɓarayin daji.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta raba katuna, ta ce kowa ta rubuta sunan wanda ta rasa da abin da ya fi son ci.

"Malama, mi za mu yi da abincin wanda ya rasu?" in ji Nana Hadiza.

"Ni ma abin da nake son sani ke nan, 'yata."

Ta cakuɗa katunan, kowa ta ja ɗaya ta karanta. Na hannun Nana Hadiza ya ce: "Almu, babana. Ɗanwake da yaji. Sun kashe shi a kan shanunmu." Ta ɗago a hankali.

"Mairama, ke ma?"

Ba wanda ya taɓa tambayar ta sai ranar. Bana Mairama ta rubuta jarrabawar fita, benci ɗaya da Nana Hadiza.

Malama, ke ce kika koya wa 'ya'yanmu su yi tambaya kafin su laƙaba wa mutum suna. Ga shi kin yi ritaya, kuma wallahi muna jin zafin tafiyarki. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Malamai, kwalin yana nan a ajinta, da sauran katunan da ba a rubuta ba. A samu mai ɗauka.