Gasayar Barira

A Karaye, zamanin Turawa, an yi wani marini ana ce masa Halliru. Hannuwansa baƙi ƙirin saboda baban rini, bakinsa kuwa kamar an ɗinke. In ka gaishe shi ya amsa, to ka ci sa'a. Shekara goma sha tara suka yi da matarsa Barira, 'ya'ya uku suka haifa, duk suka koma tun suna goye. Shekarar da aka ɗebi mutane haƙar kuza a Jos, sunansa ya fito. Wata huɗu ya yi a can. Ya dawo ya tarar sanƙarau ya ɗauke Barira, har an yi sadakar arba'in.

Bai sake aure ba, ko da 'yan'uwa suka yi ta masa magana har suka gaji. Gida ya zama shi kaɗai sai kaji biyu. Kuma ba ku san abin da ya fi ci masa rai ba? Kwaɗon gasaya. Kowace damina Barira takan ajiye masa shi a akushi, da ƙuli-ƙuli da ɗan barkono, ya cinye tas ya tashi. Yanzu so yake ya sake jin wannan ɗanɗanon a bakinsa, ko da sau ɗaya ne kafin ya mutu.

Ganyen dai ya san shi, don ta taɓa murje shi ta ɗiga masa ruwan a kunne lokacin da ciwon kunne ya hana shi zuwa karofi, wurin rininsu. Yatsu biyar gare shi kamar tafin jariri, ga farin fure, kara da ɗan gashi mai danƙo, ga wari mai hawa hanci. A juji yake fitowa, da inda shanu suka taɓa kwana. Sai Halliru ya shiga tsinka. Namiji da gemu yana tsugune a juji yana tsinkar ganye! Abokan aikinsa suka sami abin yi. Shi kuwa sai ya riƙa cusa shi a hula.

Ya dafa, ya kwaɗa, ya kai baki. Ɗaci kamar maɗaci. Nan ya yanke wa kansa cewa ta Barira wata iri ce daban, mai daɗi, ita kaɗai ta san inda take. Damina uku yana nema, daga bayan gari har gonakin ƙauyen Jajaye, kowacce ya dafa ɗacin nan ne dai. Tambaya fa? Matan maƙwabta suna kulle, shi kuma girman kai ba zai bar shi ya aika ba. Wauta ce, amma ni tausayi yake ba ni.

Ranar wata kasuwar Rogo ya kai baƙin zane. Ya ga wata tsohuwa, Hannatu, tana sayar da dafaffen ganye. Ya yi ta kewaye kamar mai neman ɓatacciyar akuya, daga baya ya durƙusa ya gaishe ta, ya zazzage hularsa, ya tambaye ta inda ake samun gasaya marar ɗaci. Ta juya ganyen, ta dube shi.

"Malam, ai gasaya ɗaya ce. Sau nawa kake zubar da ruwan?"

Ya ce wane ruwa.

Ba ta yi masa dariya ba. Ta ce ɗanyen kan ake tsinka tun kafin fure ya buɗe, a cire karan ɗaya bayan ɗaya, a tafasa da 'yar kanwa, a zubar, a matse, a sake, a kuma sakewa. "Aikin yini ne, ga cin itace. Wadda ta yi maka, ta so ka."

Washegari bai je karofi ba. Tun hantsi yake tsinka, hayaƙi ya cika masa ido, ruwan zafi ya ƙona masa yatsu, sai bayan la'asar ya gama. Tulin ganye ya koma bai fi dunƙule biyu ba. Ya zauna a ƙofar ɗakin Barira ya kai loma.

Shi ne. Shi ne sak.

Ya ajiye akushin. Shekara goma sha tara tana wannan wahalar a bayan danga, shi yana zaune a zaure, bai taɓa leƙawa ba. Ya yi ta lalube a ransa ko akwai ranar da ya ce mata sannu. Har aka kira magariba bai samo ko ɗaya ba.