Ina Ramin Mashin?

Jiya na ji wani ƙara daga wayar 'yata, kiin, kiin, irin na jirgin ƙarƙashin ruwa idan yana laluben abokin gaba. Sai na ajiye cokali. Na san wannan ƙaran, kuma ba na son sa.

Ni ban yi boko ba. Kakana masunci ne a kogin Binuwai, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Da rani, idan ruwa ya ja baya ya yi garau, yakan tsaya a bakin kwalekwale da mashi, bai motsi har kifi ya zo. Wannan aikin yake so ya bar mini. Ni kuwa zuciyata na unguwar Poumpoumré a Garwa, a shagon wani mai kwamfuta uku, inda ake wasan jirgin yaƙi.

A wasan, kana can ƙasan teku, ka leƙo ta madubi, ka hangi jirgi yana tafiya, ka sakar masa harsashin ruwa da suke kira torfil. Torfil ba ya sauri. Kafin ya isa, jirgin ya wuce. Akwai lambobi da Faransanci na auna gudu da kusurwa, waɗanda 'yan makaranta ke karantawa. Ni ido kawai nake da shi. Rani guda na yi ina harbin ruwa, suna mini dariya.

Wata rana da hantsi kaka ya biyo ni har shagon, yana ƙarnin kifi, da niyyar ja mini kunne. Sai ya tsaya a bayana yana kallo. Na harba, na kuskure.

"Kai, shashasha," in ji shi, "inda yake jiya kake harbi. Ba shi gaba. Tsawonsa biyu."

Na ba shi gaba. Jirgin ya rabe biyu, shagon ya ɗauki ihu.

"Tsoho, ashe ka iya!"

"Rabi ke nan. Zo kogi gobe in ba ka sauran."

Na ce to, amma ban je ba. Na ga na riga na iya. Na zama gwanin shagon, ina nutsar da jirage ba tare da lamba ko ɗaya ba.

Ranin da ya biyo, ciwo ya kwantar da shi. Bai iya haɗiye tuwo. Ya ce romon ƙarfasa yake so, kuma ni zan soko ta da mashinsa. Na gane abin da yake son gani kafin ya tafi.

Na tsaya a kwalekwale tun safe. Kifi na zuwa, ina ba shi gaba daidai, mashi na wucewa ta samansa. Na jefa har kafaɗata ta mutu. Na zagi kifin, na zagi kogin. Da la'asar wani tsohon masunci ya ce mini, "Ruwa ƙarya yake wa ido. Kifin yana ƙasa da inda kake ganinsa. Mai mashin bai gaya maka ba?" Sauran rabin ke nan. Amma hannuna ya riga ya daina ɗaguwa.

Na sayi ƙarfasa a kasuwa na kai gida. Kaka ya ce a kawo masa kafin a yanka. Ya juya ta, ya shafa da yatsa, gefe da gefe.

"Ina ramin mashin?"

Na karɓe ta na kai aka dafa. Ya sha romon, cokali uku, ya juya fuska bango. Kwana shida ya ƙara.

Yanzu babur nake tuƙawa a Garwa. Mashin na rataye a ɗakina. Jiya na leƙa wayar 'yata, na ga jirgi na tafiya, na ce, "Ba shi gaba."

"Baba, wayar ce ke lissafawa. Dannawa kawai ake yi."

Ta danna, jirgin ya nutse. Na ce ta zo kogi ranar Lahadi in nuna mata wani abu. Ta ce to, idonta na kan wayar. Na san wannan to ɗin. Nawa ne.