Waken Kawu

Shekarar da aka kawo mana na'urar gwajin abinci a ɗakin bincikenmu na Abuja, ni aka ɗora wa nuna yadda take aiki. 'Yar ƙarama ce, kamar wayar hannu. Ana soka mata wani tsinke mai ɗauke da sinadarin da aka samo daga jikin halitta. In ka ɗiga ruwan abinci a kai, ya ci karo da ragowar maganin ƙwari, sai allon ya yi ja.

Ranar da manya za su zo kallo, na ɗebo wake daga gida. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya aiko min daga gonarsa ta Yangoji, don haka ban yi shakkarsa ba. Na jiƙa, na niƙa, na ɗiga. Allon ya yi ja. Na canza tsinke, ya sake yin ja.

"Ina ka samo wannan?" in ji ogan sashenmu.

"Kasuwar Kuje, ranka ya daɗe." Har na ƙara da cewa manoman ƙauye ba sa jin magana. Aka yi dariya, har da ni.

Ranar Asabar na nufi Yangoji a fusace. Na tarar da Kawu a gindin mangwaro yana gyaran fartanya. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba.

"Kawu, me kuka zuba wa waken nan? Guba ce fa!"

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata kwalba. Nan take na gane ta. Ni na sayo masa bara, da ya yi kukan ƙwari na cinye masa ajiya.

"Na tambaye ka yadda ake yi, kana waya, ka ce in zuba kawai," in ji shi. "Rubutun jikinta Turanci ne."

Na juya kwalbar na karanta. Maganin feshin gona ne, an hana zuba shi a hatsin ajiya.

"Yaranka sun ci?" ya tambaya.

"Sati biyu suna ci."

Sannan dattijon nan ya kama hannuna ya ce, "Ka yafe min, ɗana."

Tare muka haƙa rami a bayan gona muka binne buhu uku. Da la'asar na kai yaran asibiti, aka duba, aka ce lafiyarsu lau.