Baba Na'ibi da Ragon Makarantarmu

Da an sallame asuba Baba Na'ibi yake kamo hanya daga unguwar Kurayyat zuwa sakandarenmu ta maza a unguwar Bagdadiyya. Aikin da aka ɗauke shi shi ne shara da dafa wa malamai shayi. Amma ba ya taɓa tsintsiya sai ya leƙa bayan ɗakin ajiya ya gaida Saruk, ragon ƙungiyar ƙwallonmu. Saruk roka ke nan da Larabci, kodayake ni ban taɓa ganin ragon nan ya yi gudu ba sai in ya hango dusa.

Duk jajibirin wasa Baba zai wanke shi, ya kwaɓa lalle ya shafa masa a goshi da ƙafafu, ya yafa masa koren ƙyallen da matarsa Mastura ta ɗinka. Shi ke jan sa su zagaya fili kafin a busa usur, ɗalibai na ihu kamar maƙogwaronsu zai tsage. Tun 1968 nake koyarwa a nan, kuma wallahi na gaji da ganin ana lallasa mu. Ba mu iya ƙwallo ba, magana ta gaskiya. Abin da ke hana 'yan kallonmu watsewa in an zura mana na uku shi ne su waiwaya su ga tsohon nan tsaye a rana, igiya a hannu, riga sharkaf da gumi. Kai ne ba ka taɓa neman inuwa ba, Baba, mu kuwa muna ƙarƙashin rumfa muna tsaki.

Bana gwiwoyinsa suka ƙi, aka ce ya huta. Sabon shugaban makaranta, Ustaz Hamad, mutumin kirki ne, sai dai bai san mu ba. Ya tara malamai ya ce za a yi wa Baba walimar ban kwana a ba shi kyautar agogo, kuma tunda ragon ya tsufa, shi za a yanka. A ganinsa karramawa ce.

Baba yana zuba shayi ya ji. Ya ajiye butar a hankali.

"Ya Ustaz, wanda nake yi wa wanka da hannuna za ka sa mini a faranti?"

"Ya Ammi, baffana, dabba ce fa. Wa zai kula da shi bayanka? Halas, magana ta ƙare, an riga an gaya wa mahauci."

"To a bar walimar. Agogon ma a bar shi. Ku ba ni ragon."

Ustaz ya dube shi ya ce, "Yalla, je ka, ɗauke shi."

Ranar Alhamis suka fita. Babu mai tasin da ya yarda ya ɗauki rago, sai suka kama hanya a ƙasa, shi yana ɗingishi, ragon yana ɗingishi. Ɗalibai suka bar aji suka raka su har bakin titi. Ni kaina sai da idona ya cika.

Mun gode, Baba Na'ibi, mai riƙon amana. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi. Ku da aka danƙa wa ƙaramin aiki, ku riƙe shi kamar yadda ya riƙe nasa. Bayan duk shekarun nan ya bar mu bai ci ko loma ɗaya ta ban kwana ba, kuma shi ya zaɓi haka.