Yadda Jakada Ya Rasa Kan Kifi

Tofazzal Bepari bai taɓa zama jakadan kowace ƙasa ba, ko masinja a ofishin jakadanci bai yi ba, amma duk garin Naria ba mai kiransa da wani suna sai Jakada. Masu shayin bakin kasuwa ne suka laƙaba masa don tsokana. Gogan naka kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, in an kira shi har gyaɗa kai yake yi, shi a dole sunan ya dace da shi.

Asalin abin, mahaifinsa ne ya tura shi jami'a a Dhaka, babban birnin ƙasar, ya karanta hulɗar ƙasa da ƙasa, ya haɗa da Italiyanci. Zaɓen Italiyanci ba abin mamaki ba ne a garin da kusan kowane gida yake da ɗa a Roma ko Milan, wannan yana wanke kwanuka, wancan yana tallan fure. Sai dai Tofazzal ba don ya bi sahunsu ya koya ba. Cewa yake su ta taga suka shiga, shi ta ƙofar gaba zai shiga, cikin mota mai tuta. Ya zauna jarrabawar aikin jakadanci ya faɗi, ya sake zama ya sake faɗuwa, haka dai har shekarunsa suka wuce ƙa'ida. Ya dawo gida da digiri, da kwat mai kauri irin ta ƙasar sanyi, da magana ta hanci. Italiya kam ƙafarsa ba ta taɓa taka ta ba.

Ya kama ɗaki a saman shagon magani ya ce makarantar Italiyanci ce. Samari masu shirin tafiya sukan zo su koyi yadda ake tambayar hanya da neman aiki, shi kuma ya tsare su da tarihin yarjejeniyoyin Turai da yadda ake zaunar da manyan baƙi a teburi, wa ke dama, wa ke hagu. Kafin wata ya mutu ajin ya watse. Sai ya ce ƙwaƙwalwarsu ce ba ta ɗauka.

Wuri ɗaya tak ake girmama shi da gaske, gidan surukarsa Jobeda Khatun. Duk shekara in mangwaro ya nuna takan gayyaci mazajen 'ya'yanta mata, ta sa a kawo mata ƙaton kifin katla daga kogin Padma, ta dafa da kanta. Kan kifin na babban suruki ne, kuma Tofazzal ne mijin babbar 'yarta Shiuli. Da hannunta take ajiye masa, ta tsaya a kansa da mafici tana fifita. A nan ne kaɗai za ka ga mutumin ba ado. Ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya lumshe ido yana tsotsar ƙwaƙwalwar kifi, miya na gangarowa har gwiwar hannu. Mokhles, mijin ƙaramar, wanda ke sayar da takin zamani, yankan tsakiya yake samu, ya ci ya yi godiya. Tofazzal ba zai taɓa faɗa ba, amma shekara guda cur yake jiran wannan kan kifin. Shi ne duk matsayin da karatunsa bai ba shi ba.

Ana nan sai Delwar, ƙanin Shiuli, ya aiko cewa zai zo cin mangwaro daga Italiya tare da matar da ya aura a can, Ornella. Tofazzal ya kasa zaune ya kasa tsaye. A ganinsa ranar da ya yi wa karatu ce ta zo. Ya tsara jawabin maraba yana bitarsa a gaban madubi, ya shanya kwat, ya tafi gidan surukarsa yana ba da umarni: a ɗauke tabarma a kawo teburi, a nemo cokali mai yatsu, a rage barkono.

“Baban Rumana, kana ji?” in ji Shiuli da suka dawo gida. “Ka bar Umma ta yi abinta. Matar ƙanena ce za ta zo, ba sarauniya ba.”

“Ke me kika sani game da karɓar baƙi? Mutuncin ƙasa ne fa a hannuna.”

“Mutuncin ƙasa,” ta ce, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ranar walima rana ta take, ana zufa ko ba a motsa ba, amma Jakada ya iso cikin kwat da laktaye. Ya tare baƙuwa tun daga ƙofa ya soma jawabi a kan daɗaɗɗen zumuncin da ke tsakanin al'ummu biyu. Baiwar Allah tana tsaye cikin sari, zanen matan ƙasar, da aka ɗaura mata, tana murmushin gajiya.

“Yaya Jakada, ka bar ta ta zauna mana,” in ji Delwar. “Ba takardar kama aiki ta kawo maka ba.”

Aka yi dariya, aka zauna. Ornella ta wanke hannu ta soma dunƙula shinkafa yadda mijinta ya koya mata, rabi na shiga baki rabi na zubewa. Mutum ɗaya ne ke riƙe da cokali mai yatsu a teburin, ba sai na faɗi sunansa ba.

Sai ga Jobeda Khatun da kan katla a faranti, yana tururi, ta ajiye a gaban babban surukinta ta ɗauki mafici. Ornella ta kalli kan, idonsa fari, bakinsa buɗe, ta ɗan zaro ido. Wataƙila girmansa ne ya ba ta mamaki, wataƙila sha'awa ce, ba wanda ya tambaye ta. Tofazzal dai ƙyama ya gani, domin ita yake jiran gani tun safe. Miyansa ya riga ya tsinke, amma ya sa bakin yatsu ya ture farantin, ya juya ga Ornella ya kashe murya da Italiyanci.

“Ki gafarce su, uwargida, al'adar ƙauye ce. Mu da muka yi karatu ba ma cin wannan. Kyanwa ake jefa wa.”

Ba mantawa ya yi cewa Delwar na jin harshen ba. Shi dai a lissafinsa Italiyancin mai wankin kwano ba Italiyanci ba ne.

Mafici ya tsaya a hannun tsohuwa. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga faranti ya motsa.

“Me ya ce?”

“Umma, cewa na yi girkinki ba na biyunsa,” in ji Tofazzal da sauri.

“Ba kai na tambaya ba, ɗana. Delwar, me ya ce?”

Delwar ya dubi yayarsa, ta sunkuyar da kai. Ya ce, “Wai abincin kyanwa ne, Umma. Wai masu ilimi ba sa ci.”

Jobeda Khatun ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki farantin, ta zagaya ta bayan kujerarsa, ta ajiye a gaban Mokhles.

“Ci, ɗana. Kai ba ka yi karatu ba.”

Mokhles ya yi bismilla ya sa hannu. Tana tsaye a kansa tana fifita, shi kuwa Jakada yana jin ƙarar kowane ƙashi.

Baƙuwa ta koma ƙasarta, ina jin ko sunansa ba ta riƙe ba. Shi ne ya rage da aiki, ya kuwa zuba duk ilimin sulhun da ya karanta. Ya aika da kwandon kayan zaƙi. Ya tura Shiuli ta yi bayani cewa kuskuren fassara ne, ta je ta sha shayi ta dawo ba tare da ta isar da saƙon ba. Ya je da kansa ya durƙusa ya taɓa ƙafar tsohuwa. Ta karɓi kayan zaƙi, ta sa masa albarka, har ta naɗa masa ganyen taunawa da hannunta. Ya fito yana gaya wa masu shayi cewa dangantaka ta koma yadda take.

Da mangwaro ya sake nuna ya iso gidan tun kafin kowa, ba kwat ba laktaye, da zanen lungi da riga mai gajeren hannu. An koma tabarma. Ya zauna a wurinsa na da, ya wanke hannu har gwiwa, bai ma karya da safe ba. Ƙamshin katla ya cika tsakar gida.

Jobeda Khatun ta fito da faranti biyu. Mai kan ta ajiye a gaban Mokhles. Ɗayan ta kawo wa Tofazzal, yankan wutsiya ne, ƙaya fal. Sannan ta ciro cokali mai yatsu daga gefen sarinta ta ajiye masa a hankali.

“Tun jiya na goge maka shi,” ta ce, ta ɗauki maficinta ta wuce wajen Mokhles.