Naman Layyar da Inna Ta Ɓoye

Shekaru sun ja, na manta abubuwa da yawa na zamana a Runjin Sambo, amma ranar da na jawo wani kwano daga ƙarƙashin gadon surukata ba za ta taɓa fita raina ba.

Inna muke ce mata, mahaifiyar maigidana. Ta daɗe da ciwon suga, tana shan maganinta, mu kuma muna ganin iyakar abin ke nan. A gidanmu naman layya soya shi ake yi har ya bushe ƙayau don ya daɗe, kuma kwanon farko na babba ne. Ni ke zaɓar mata tsoka mai kyau, in haɗa da manyan goro, in durƙusa in ajiye. Ta sa mini albarka, in tashi ina jin na yi abin kirki.

A waccan shekarar Inna ta rame. In na kai abinci sai ta ce, "Aje nan, ɗiyata, sai an jima." Fura da koko kawai take sha, har da ɗan sukari don su shiga. Muka ce tsufa ne da yawan azumin nafila.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki ta tafi ziyara Hubbare, na shiga share mata ɗaki. Tsintsiya ta taɓo kwanona a ƙarƙashin gado, na jawo shi. Naman yana nan yadda na zuba shi, sai tsoka guda da aka ciza aka mayar, da jini a jikinta. A gefe ga murfin gwangwani an huhhuda shi da ƙusa, da burbushin goro a kai. Na san abin nan. Da irinsa kakata take goga goro bayan haƙoranta sun ƙare. Na zauna bakin gado.

Da ta dawo na bari ta huta, sannan na ce, "Inna, bakinki na ciwo?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Wa ya aike ki ƙarƙashin gadona? Ɓeran ɗakin ga ya fi ki kunya." Ta ɗan yi dariya, dariyar ba ta je ko'ina ba. "Ɗiyata, kin kawo min kason girma, in ce miki ban iya taunawa? Tun azumi haƙoran ga ka motsi. Ko asawaki na bari, jini ka zuba."

Washegari muka kai ta asibiti. Likitan haƙori ya ce sugan ne ya ci dasashinta, ciwon dasashin kuma yana ƙara hawan sugan, ga bushewar baki ta tsufa, ga furar nan da ta koma abincinta. Aka cire haƙora huɗu, aka ceto sauran. Ya ce da an zo da wuri da ba a cire ko ɗaya ba. Wannan maganar ni ta soka, don ni ke shiga ɗakinta kullum.

Sallar da ta zagayo, kwanon farko nata ne kamar kullum, sai dai dafa naman na yi ya yi luguf, na daka shi a turmi ya zama dambu. Ta cinye tas, ta miƙo mini kwanon a hankali ta ce, "Ƙaro, amma kada mijinki ya ji."

Allah Ya jiƙan Inna. Ita ta koya mini cewa tsoho ba ya faɗin ciwonsa, kunya ba ta barinsa. Girmama babba bai ƙare a miƙa kwano ba. Sai ka tsaya ka ga ko ya iya ci.