Yatsu Biyun Da Lalle Bai Kai Gare Su Ba

Shekarun baya, ina 'yar shekara goma sha huɗu, saura ƙiris in kori mahaifiyata daga Dubai da cokali huɗu na lalle.

A lokacin tana aikin binciken jakunkunan mata a wata ƙofa a Jebel Ali. Tafiyar kullum kamar zuwa Umara ce a ƙafa. Sai ta samu irin wannan aikin a wata ma'aikatar gwamnati kusa da Port Saeed, nan bayan gidanmu. Abu ɗaya ya rage: a mayar da takardar tantancewarta ta tsaro daga tsohon wurin zuwa sabon. Za ta ɗora yatsa a na'ura, a tabbatar ita ce mai tsohon fayil, shi ke nan. An ba ta zuwa Alhamis. Ta riga ta miƙa tsohon katinta, kuma bizarmu ni da ita a jikin aikinta take rataye.

Ni kuwa lokacin na ɗauki kaina gwanar ƙunshi ta duk yankin Larabawa. Na ce, "Umma, ba za ki shiga sabon ofis da hannu fari kamar mai jinya ba."

Ta ce, "Auta, kaɗan dai."

Na kwaɓa lalle, na zuba masa duk abin da na ji ana cewa yana sa shi kamawa. Amma kafin ta fito daga wanka na shige ɗaki na yi wa ƙafafuna ado da rabinsa. Hannunta na dama ya samu har fiye da haƙƙinsa. Da na zo hagu, lalle ya ƙare, babban yatsa da manuni suka tashi a tutar babu.

Umma ta ɗaga hannayen ta ce, "To, ɗaya ya tafi biki, ɗaya ya tsaya gadin gida."

Na ce lallen ne ba shi da auki. Na saka safa.

Ran Litinin na raka ta ofishin. Ma'aikaciyar, wata Balarabiya mai sanyin magana, ta ce ta ɗora yatsa. Na'ura ta kawo ja. Ta goge gilashin, aka sake, ja. Yatsun Umma sun yi baƙi ƙirin kamar ta kwana tana tuƙa kwalta. Matar ta hango hannun hagu a dunƙule cikin mayafi, shi ma ga baƙi, ta ce, "Khalas, shi ke nan, Mama. Na'ura ba ta ganin zanen yatsan. Ki dawo in lallen ya dushe."

Lallen da na kwaɓa kuwa, ko jikokina sai sun tarar da shi.

Umma ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi duka ciwo ke nan. Kwana uku muna gurza. Lemun tsami, man goge baki, gishiri, sabulun wanki. Maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta kawo wani dutsen goge kaushi da na tabbata da irinsa aka sassaƙa duwatsun garin Hatta. Ta duba yatsun ta ce, "Maame, wannan yarinyar taki fenti ta shafa miki." Ni dai ina gefe ina lissafin yadda zan gaya wa dangi a Kano cewa ado ne ya dawo da mu.

Ran Alhamis muka koma. Ja. Aka sake. Ja. Na ga Umma ta fara gyara mayafi irin na mai shirin yin godiya ta tafi.

Na ce, "Umma, ki ba ta na hagun."

Ta harare ni ƙasa-ƙasa. "Ni ban taɓa miƙa wa mutum hagu ba, sai yau a gaban hukuma?"

"Ba ita za ki miƙa wa ba, na'ura ce. Ba ta da tarbiyya."

Kafin ta ƙara magana na kamo hannun na buɗe shi a kan tebur. Yatsu biyu fes. Matar ta duba fayil ɗin ta ce ai duk goman aka ɗauka tun farko, biyu sun ishe ta. Sai da Umma ta ce mata, "Ki gafarce ni," sannan ta ɗora. Kore. Ta ɗora ɗayan. Kore. Aka buga hatimi.

Muna tafe gida ina jiran yabo, har na tsara yadda zan karɓe shi da tawali'u. Sai Umma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Auta, kwana huɗu ke nan kina yawo da safa a zafin nan. Cire ta, ƙafar ta sha iska. Ai na san inda lallena ya tafi."

Har yau tana wannan aikin, ni kuma har yau ina mata ƙunshi. Abin da na koya bai da yawa: in mutum na da hulɗa da hukuma, a bar masa jikinsa yadda fayil ya san shi. Na so in ƙara da cewa wani lokacin ɓarna ma tana da rana, amma Umma ta ce in na rubuta haka, ita ma za ta ba da labarin da bakinta.

Duk ranar da na zo yi mata lalle, tana naɗe yatsun nan biyu. Ta ce na gwamnati ne.